Bencin Zakara

Sau uku Kafinta ya karanta katin sakamakon, yana tsaye a bakin shagonsa da fensir maƙale a kunne. Karon farko ya karanta da ido, na biyu ya bi da ɗan yatsa, na uku ya fita rana ya ɗaga katin sama, ko tawada ce ke yi masa wasa da hankali. Lambar ba ta motsa ba. Ta ashirin da tara cikin arba'in da ɗaya. Yarinyar da ta yi zango shida a jere tana zuwa ta ɗaya.

Mai katin kuwa tana zaune kan tarin katako, tana kaɗa ƙafa tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Shekararta goma sha huɗu, amma ta riga ta wuce mahaifiyarta tsawo, shi ma ta kusa kamo shi. Sunan tsohuwarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kiranta da komai ba sai Uwata.

"Uwata, me ya faru?"

"Jarrabawar ce ta yi zafi, Baba."

"Ke kaɗai ta yi wa zafin?"

Ta ɗaga kafaɗa, ta ci gaba da waƙarta.

Kafinta mutum ne da damuwa ba ta yi masa wuyar samu. In yaro ya yi tari sau biyu, shi ya riga ya hango gadon asibiti. Kafin ya rufe shago ranar, ya zargi idonta, ya zargi ƙawayenta, ya zargi wayar uwarta, har ya zargi wani mai gyaran babur na kan kwanarsu da ke yawan taje suma, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba.

"Malam, ka zauna mana, ka hana ƙasa sakat," in ji matarsa da ya isa gida. "Ni ba faɗuwar ce ta ɗaure mini kai ba. Yarinyar nan da in ta rasa maki biyu sai ta yini ba ta ci abinci ba, yau har ƙari ta nema."

Ya sa aka kawo masa takardun jarrabawar. Ba wani karatu mai zurfi ya yi ba, amma ya san jan biro in ya gan shi. A takardar lissafi, tambaya goma ta farko duk an ci. Goma ta ƙarshe kuwa ba kuskure aka yi ba, ba a ma taɓa su ba. Ya duba ta kimiyya, haka. Ya duba sauran, haka. Kowace takarda kamar an sa zarto an yanke ta a tsakiya.

Washegari Asabar ce, ranar da take zuwa share masa shago. Ya bari ta yi nisa da shara, sannan ya yi kamar yana magana da kansa.

"Wannan mai aikin zai kashe ni. Wai katako mai ƙafa goma sha takwas zan raba masa uku. Na biyu ya ninka na farko sau biyu, na uku ya ninka na farko sau uku. Ni ina zan gane wannan?"

"Uku, shida, tara," ta ce, ko kai ba ta ɗago ba.

Ya zaro takardar lissafin daga aljihu ya shimfiɗa kan teburin aiki, ya ɗora yatsa a kan tambaya ta goma sha huɗu. Ita ce sak, sai dai a takarda igiya aka ce, ba katako ba. Tsintsiyar ta tsaya.

"Ina jin ki," ya ce.

Ta daɗe tana kallon garin katakon da ta tara. Da ta buɗe baki, ba kuka ta yi ba. Ta yi magana kamar wadda ta gaji da riƙe kaya.

"Baba, ka san a makarantarmu da maki ake zama. Wanda ya zo na ɗaya shi ke zama bencin gaba, koren nan, bencin zakara. Gwiwata ba ta shiga ƙarƙashin teburinsa. Sai in karkace, in miƙa ƙafa ta gefe, in murɗa jiki in yi rubutu. In na miƙe zaune, na baya su hau ihu, 'Falwaya, sauke kai, ba ma ganin allo!' Malamai su ce in duƙa. Haka nake yini a duƙe. Kafin a fita tara bayana ya fara zafi kamar an ɗora garwashi. In an tashi, sai na dafa tebur nake iya miƙewa, kamar wata tsohuwa."

"Tun yaushe?"

"Tun zango na biyu."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Kai da kake gaya wa duk wanda ya shigo shagon nan cewa 'yarka ce a bencin zakara?"

Ta ci gaba.

"Manyan bencina suna baya. Sai na zauna na yi lissafin makin da zan zubar in kai can. Ta talatin da huɗu na nufa, sahun ƙarshe. Ban san 'yan ajinmu sun kai haka lalacewa ba, sai ga ni ta ashirin da tara."

Ya so ya yi dariya, ya fasa, don a lokacin ne ya dube ta da idon kafinta, idon da yake duba katako da shi ya ga inda ya fara lanƙwasa. Kafaɗunta sun rufto gaba. Wuyanta ya miƙa kamar na mai leƙen rijiya. Sau nawa ya daka mata tsawa a gida, "Miƙe mana, Uwata!" yana zaton kunyar girma ce irin ta 'yan mata?

Ya laluba kujera ya zauna, hannunsa ya tafi ƙugunsa da kansa.

Shi ya san ciwon baya, ba a labari ba. Shekara ashirin ya yi yana aiki kan teburin da ya gada wurin maigidan da ya koya masa sana'a, gajeren mutum da ya ƙera teburin daidai kansa. Bai taɓa kawo wa ransa cewa tebur na iya yi wa mutum kaɗan kamar yadda riga ke yi ba. Wata safiya ya sunkuya ɗaukar guduma, bai ƙara miƙewa ba sai bayan wata biyu. A asibiti aka haɗa shi da wata likitar motsa jiki da ke tara masu ciwon baya duk ranar Alhamis: direbobi, teloli, 'yan dako, har da wata mai wankau. Tana da ƙashin baya na roba da take lanƙwasa musu a gaban ido. Ta koya musu yadda ake tsugunnawa da gwiwa a ɗauki kaya, da yadda ake zama, da cewa jiki ba ya son daɗewa a yanayi ɗaya. Shi kuma ta tambaye shi tsawon teburinsa. Da ya faɗa, sai ta riƙe baki. Ya koma shago ya ƙara wa teburin ƙafa inci shida, yana yi yana jin haushin cewa sai da ya haura arba'in aka gaya masa abin da minti biyar ya isa a gaya wa yaro.

Yana cikin zafin wannan karatu ne makarantar su Uwata ta ba shi aikin bencina, shekara huɗu da suka wuce, zamanin tsohon hedimasta. Bai yarda ya yi su awo ɗaya ba. Ya je da tef ya jera yara a bango yana aunawa, malamai na dariya suna cewa kafinta ya zama tela. Kowane aji ya yi masa sahu biyar, awo biyar, gajeru a gaba, dogaye a baya, don kowa ya zauna inda ya dace da tsawonsa.

Sai aka kawo sabon hedimasta, ya ce daga yanzu da maki za a zauna, don yara su yi gasa. A taron iyaye aka sanar. Kafinta yana wurin. Ya tuna sarai cewa ya tafa, har ya fi na kusa da shi tafawa.

Ranar Alhamis ya kai ta wurin likitar. Ta sa yarinyar ta sunkuya, ta miƙe, ta juya, ta bi bayanta da yatsa tun daga wuya.

"Ƙashi lafiya lau," ta ce. "Tsokoki ne suka gaji, kuma jiki ya fara sabawa da duƙo. Kun zo da wuri. A gyara mata wurin zama, ta riƙa tashi tana miƙa jiki tsakanin darasi, ga motsa jikin da za ta riƙa yi. Amma Malam Kafinta, kai da na yaye da hannuna, a gidanka?"

"Ni na ƙera bencin ma, Likita," ya ce, kansa a ƙasa.

Ta rubuta masa takardar da zai kai makaranta.

Da aka dawo daga hutu, ranar Litinin ya sa rigarsa ta fita, ya rataya tef a wuya don ba ya jin ya cika mutum in babu shi, ya tafi ofishin Hedimasta. Mutumin ba mugu ba ne. Tun zuwansa sakamakon makarantar ya ɗaga, kuma ya san da haka.

"Ranka ya daɗe, kan maganar benci na zo."

"Ya karye ne?"

"Shi lafiyarsa ƙalau. Yarinyar da ke kansa ce."

Hedimasta ya gyara tabarau ya karanta takardar likita har ƙasa, ya ninke ta da kyau.

"To ai magana ta ƙare, Malam. Yanzu tana sahu na huɗu, bencin ya yi mata daidai. Sai me kuma?"

"Zango mai zuwa fa, in ta koma ta ɗaya?"

"In ta koma," in ji Hedimasta, da ɗan murmushi. "Wanda ya faɗo daga ɗaya zuwa ashirin da tara, ai sai mu bari ya fara hawowa tukuna."

Murmushin nan ne ya ja Kafinta.

"Ba faɗowa ta yi ba, ranka ya daɗe, sauka ta yi da ƙafarta! Rabin kowace takarda ta bari da gangan, don ta tsere wa bencin nan naku!"

Ya ji maganar tana fita, ya so ya kamo ta, ta riga ta yi gaba. Hedimasta ya cire tabarau ya ajiye kan tebur.

"Da gangan."

"Ranka ya daɗe, subul da baka na yi. Yarinya ce, ciwo ne ya sa ta."

"Wato ta mayar da jarrabawar makarantata abin wasa. In na ƙyale wannan, gobe kowa ya zaɓi makin da zai ci. Za ta zauna gida mako guda."

"A ajin da za su rubuta babbar jarrabawa? Don Allah a duba. Ni ban ce a daina karrama mai ƙoƙari ba. A ba shi kyauta, a kira sunansa a taro, a rataya hotonsa ma. Amma a bar yara su zauna da tsawonsu."

"Malam Kafinta," in ji Hedimasta a hankali, "ni ban taɓa zuwa shagonka na nuna maka yadda ake riƙe zarto ba. Aji nawa ka yi a makaranta?"

Wani abu da ya yi shekaru yana rawa a ƙirjin Kafinta ya tsaya cak. Ya ji mamakin yadda muryarsa ta fito a daidaice.

"Shida. Sai aji guda na ranar Alhamis, a asibiti, bayan bayana ya kwantar da ni wata biyu. A can aka koya mini abin da ba ku koyarwa a nan."

Ya tashi. Bai nufi ƙofar fita ba, ajin 'yarsa ya nufa, don ya san hanya, shi ya ɗauko bencinan ajin ɗaya bayan ɗaya a kansa.

Malamar aji tana rubutu a allo. Ya yi sallama, ya ce, "Malama, a yi mini haƙuri da minti biyar." Kafin ta amsa ya riga ya isa gaban koren bencin. Wata 'yar firit ce a kai yanzu, ita da na biyu. Ya ce su ɗan tashi. Ya tsugunna da gwiwa, baya a miƙe, ya kama bencin ya kifar da shi, ƙafafu a sama.

"Malama, karanta mana abin da ke nan."

Ta matso ta sunkuya. Da ƙusa mai zafi aka ƙona rubutun a jikin katakon, fenti bai kai wurin ba.

"Ƙafa huɗu da inci shida."

"Tsawon yaron da aka yi wa bencin ke nan. Ni na rubuta. Kowane benci a ajin nan yana da nasa a ƙasa. Uwata, zo."

Ta taso daga sahu na huɗu, ido duk a kanta. Ya tsayar da ita jikin bango, ya ja tef.

"Ƙafa biyar da inci bakwai. Wa ya iya lissafi? Nawa ne tsakani?"

"Goma sha uku!" wasu suka amsa tare.

"Inci goma sha uku. Zango shida tana naɗe su a bayanta don ta zo ta ɗaya. Ku da kuke ce mata Falwaya ku ma ba ku tsira ba. Ke ta sahun ƙarshe, mai jan biro, sauke ƙafarki ƙasa mu gani."

Yarinyar ta gwada. Ƙafafunta suna lilo, ko yatsa bai taɓa siminti ba, haɓarta kuma ta kusa kwanciya kan tebur. Aka fashe da dariya, ita ma ta yi.

"Ba abin dariya ba ne," in ji Kafinta, "amma ku yi, ni ma na yi tawa kafin in kwanta. Ku duba abu uku. Tafin ƙafa ya zauna a ƙasa. Gwiwa ta shige ƙarƙashin tebur ba tare da ta tokare ba. In kun ɗora hannu za ku yi rubutu, kada kafaɗa ta ɗaga sama, kada kuma ku rufta. In ɗaya ya ƙi, bencin ba naku ba ne. Kuma in malami ya fita, ku tashi ku miƙe kafin wani ya shigo. Shi ke nan karatun. Ni sai da na yi furfura na same shi."

Kawuna arba'in suka leƙa ƙarƙashin tebura. Wasu na ɗaga gwiwa, wasu na shafa ƙasan benci suna neman rubutu. Malamar ba ta tsawatar ba. Tana tsaye da alli a hannu tana kallon sahun ƙarshe kamar ranar ta fara ganinsa.

A haka Hedimasta ya iso, mai gadi na biye da shi.

"A mayar da bencin nan yadda yake. Kai kuma, daga yau kada ƙafarka ta ƙara taka cikin makarantar nan. Ke, ɗauki jakarki."

Kafinta ya mayar da bencin da kansa, ya daidaita shi, ya share ƙurar da hannun riga.

"Ni na ƙera shi," ya ce, "kuma ba don wannan aikin na ƙera shi ba."

Mai gadi, wani dattijo mai ɗingishi, ya kama gwiwar hannunsa a hankali. "Zo mu je, Malam, kada ka ja mini. Ni ma da iyali."

Suka kama hanyar gida. Zafin ya fara sauka daga kan Kafinta, tsohuwar damuwarsa ta dawo ta zauna inda ta saba. Mako guda. Babbar jarrabawa. Yarinyar da ba a taɓa ko harararta a makaranta ba, yau an koro ta, kuma bakinsa ne ya jawo.

"Baba, kai ka tona ni."

"Ni ne."

"A gaban kowa kuma ka auna ni kamar ƙyaure."

"Na yi. Ki yafe mini." Ya gyara tef ɗin wuyansa. "Amma jarrabawa mai zuwa za ki rubuta duk abin da kika sani, har tambayar ƙarshe."

Ta tsaya cak a tsakiyar hanya, har wani mai keke ya kauce yana mita.

"Wallahi ba zan koma bencin nan ba. Ko korata za a yi gaba ɗaya."

"Ban ce ki koma ba. Ba za ki ba su bayanki ba, kuma ba za ki ba su kanki ba. Ke dai ki zo ta ɗaya. Wurin zama aikina ne."

Ta dube shi ta gefen ido. "Kai da aka hana shiga?"

"Mu je dai."

Matarsa ta tare su a ƙofa, ta dubi jakar, ta dubi agogo. "Ikon Allah. An aiki mutum gyara, ya dawo da 'yar a hannu." Amma da ta ji labarin, sai ta ce wa yarinyar ta zo ta kwanta ta shafa mata man zafi.

Makon nan a shago ta yi shi. Da safe karatu, da rana aiki. Ya zaunar da ita kan akwati, ya auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwa, daga mazauni zuwa gwiwar hannu, yana faɗa tana rubutawa. Ya zaɓi katako mara nauyi, ya yi kujera daban, ƙaramin tebur daban, yadda mutum ɗaya zai iya ɗauka. Ita ta zana taswirar ajin a bayan wani kwali, ta gano wurin: sahun gaba, ƙarshen hagu, jikin taga, inda ko ta miƙe zaune iya tsawonta ba wanda za ta tare wa allo.

"Wane fenti?" ya tambaya da suka gama goge shi da sanfefa.

"Kore. Irin nasu sak."

Ta koma makaranta, zango ya tafi, aka yi jarrabawa. Wannan karon sau ɗaya ya karanta katin. Ta ɗaya, da tazarar da ta sa ta biyu ba ta ma hango ƙurarta ba. Ya ninke katin ya sa a aljihu, bai nuna wa ko mutum ɗaya a shago ba.

Safiyar da za a sake raba wurin zama, suka ɗora kujera da tebur a kan kura suka tura har ƙofar makaranta. Mai gadi ya gan su tun daga nesa, ya fara girgiza kai.

"Malam, ka san an ce kada ka shiga."

"Ga ƙafata nan a waje, Baba. An ce maka kada ɗaliba ta shiga da kayan karatunta?"

Dattijon ya dubi teburin, ya sosa ƙeya. "Ni dai kai aka ce mini." Ya buɗe ƙofar duka biyu.

An yi layi a fili, ɗalibai da malamai, ana jiran jawabin safe. Kafinta ya kama ƙarfen ƙofa yana leƙe. Ya ga 'yarsa ta ajiye jaka, ta tsugunna da gwiwa, baya a miƙe, ta rungumi teburin kusa da ƙirji ta tashi da shi. Ta ratsa filin ta gaban kowa, ba sauri ba nawa. Wani ya ce "Falwaya!" amma ba wanda ya taya shi. Ta dawo ta ɗauki kujerar. Hedimasta yana kan baranda da takarda a hannu, ya bi ta da ido zuwa da dawowa. Sannan ƙofar aji ta haɗiye ta, Kafinta bai ƙara ganin komai ba.

Bai tafi shago ba. Ya zauna kan kurarsa a ƙarƙashin bishiyar da ke tsallaken titi, idonsa a kan ƙofar ajin. Duk wanda ya fito, sai ya ɗago kai, yana jiran ya ga an turo teburin waje ko an turo mai shi. Ya ga Hedimasta ya shiga ajin. Ya ƙirga numfashinsa har mutumin ya fito shi kaɗai, hannu a baya. Ya kai hannu wuya zai murza tef kamar yadda yake yi in hankalinsa ya tashi, ya ji wayam. Ya duba aljihu, ya duba cikin kura. Yau kuma har da wannan.

Da rana ta take, mai gadi ya tsallako da kofin ruwa ya miƙa masa, ya tsaya yana dafe da ƙugu.

"Malam, wannan 'yar kujerar tawa ta bakin ƙofa, in ka samu sarari ka dube ta. Shekara tara ina kanta, yanzu in na tashi sai na yi kamar mai neman allura."

"Kawo ta shago, Baba. Kai ma ka zo, don kai za a auna."

Aka kaɗa ƙararrawar tashi. Yara suka fito kamar an fasa tulu. Ya hango ta tun daga nesa, don kanta ya fi na kowa tsawo, kuma yau ba ta rage masa ko inci ɗaya ba.

"Yaya?" ya ce, tun kafin ta gama tsallake titi.

"Ya zo ya tsaya a kaina ya daɗe. Ya ce ba tsarin makaranta ba ne. Na ce masa ranka ya daɗe, ga shi kore, ga shi a gaba, ga ni ta ɗaya. Ya ce na yau kawai, gobe za a fitar."

"Bencin zakara fa?"

"Ta biyu da ta uku ke kai. Su ya yi musu daidai."

"Bayan fa?"

Ta ɗan motsa kafaɗa kamar mai neman abin da ta ajiye. "Na manta da shi, Baba."

Ya juya ya gyara igiyar kura da ba ta buƙatar gyara, har idonsa ya washe.

"In sun fitar gobe, ki mayar jibi," ya ce. "In sun kulle shi a sito, akwai sauran katako a shago, awonki kuma yana rubuce. Mu ga wanda zai gaji. Ni tef ɗina ne ma ya ɓace tun safe."

"Bai ɓace ba, ni na ɗauka. Malama ce ta ce in zo mata da shi. Bayan Hedimasta ya fita ta rufe ƙofa, ta jera mu a bango tana aunawa, ta sa aka kifar da bencinan duka ana karanta ƙasansu. Ta ce sai Juma'a za ta dawo maka da shi, malaman sauran azuzuwa ma suna so."

Kafinta ya dubi ƙofar da aka hana shi shiga. Ya kama hannun kurar, ya miƙe sosai.

"Ki ce mata ta riƙe," ya ce. "Ina da wani."